Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Ƙananan Hukumomin Guri, Kiri Kasamma da Nguru



Maganar ciyawar kachala ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani kamar da, ciyawar ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Yanzu ruwa ya fi karkata zuwa kogin Marma yana cinye gonaki, mutanen bakin kogin Burum Gana kuwa suna jiran sa. Masunci sai ya tura kwalekwalensa da ƙyar cikin ciyawar da ta fi shi tsawo. A cikinta kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana, gari na wayewa su sauka kan shinkafa da gero.

Na san amsar da aka saba bayarwa: kogi na Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ke Kano ne. Haka ne. To amma ƙananan magudanan da ke ratsa ƙauyuka, waɗanda ƙato zai iya tsallakawa, wa zai taso daga Kano ya yashe su?

Jama'a na fita aikin gayya da lauje, ruwa har ƙirji. Ku ba su kayan aiki da abincin yini, ku sa wannan cikin kasafin kuɗi, a yi aikin kafin damina ta faɗi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2024 cewa kuɗinku ya riƙa zuwa hannunku kai tsaye. Ku ukun kuma ku zauna ku tsayar da lokaci ɗaya, don in Guri ta yanke ciyawar Nguru ba ta yanke ba, ruwan can zai je ya tsaya.

Naku,
Wani ɗan yankin