A Tambaye Mu Kafin A Gwada

Daga Wakilinmu, Tudun Wada, Minna

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, a 1996 masana a Birtaniya suka samar da tunkiya Dolly ba tare da barbarar rago ba, duniya ta yi ta gardamar halaccin abin. A wannan shekara kuma sanƙarau ya ɓarke a Kano, kamfanin Pfizer ya sa yara 200 cikin gwajin maganin Trovan, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a shaida musu gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Kuɗi ba ya sayen amana. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙi rigakafin shan-inna a 2003, yara suka nakasa.

Ba ma ƙin bincike, da shi ake samun magani. Amma in an kawo muku takarda a asibiti, kada ku dangwala sai an karanta muku da Hausa. Ƙi ko yarda, hakkinku ne. Allah Ya sa mu gane.