SHARHI: An rufe bizar Amurka ta shekara biyar, amma wace takarda ce a hannun masuntan Yauri?

A ranar 8 ga Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya sanar da cewa galibin bizar da za a riƙa bai wa 'yan Najeriya daga ranar ta wata uku ce, kuma shiga ɗaya tak. Wata biyar bayan nan, a ranar 16 ga Disamba, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin da ya dakatar da bai wa 'yan Najeriya sababbin bizar ziyara, kasuwanci da karatu daga 1 ga Janairun 2026. Da haka aka rufe babin bizar shekara biyar mai shiga da fita, wadda a Maris ɗin 2023 aka fara bayar da ita. Ba ta ma kai shekarun da aka rubuta a jikinta ba.

A Yelwa da Wara da Shanga, waɗanda suka taɓa riƙe wannan biza ba su taka kara sun karya ba. Amma sunanta ya zaga ko'ina, domin da shi dillalan tafiya ke cin kasuwa. Saurayi ya gama karatu, aiki ya gagara, sai ejan ya ce masa akwai biza “mai dogon zango”, ta shekara biyu ko biyar, ya je ya zauna ya nemi na kansa. A sayar da gona ko injin jirgin ruwa a biya. Ainihin hajar da ake sayar masa ita ce ruɗanin da ke tsakanin abubuwa biyu da doka ta raba tun asali: izinin zuwa bakin ƙofa, da izinin zama cikin gida.

Shekarun da ke jikin biza suna nufin tsawon lokacin da mutum zai iya gabatar da kansa a tashar shiga ƙasa. Kwanakin da zai yi a ciki kuwa jami'in shige da fice ne ke yanke su. Ko a zamanin bizar shekara biyar, abin da Amurka ta saba bai wa mai ziyara bai wuce wata shida ba a kowace shiga, kuma ba a yarda ya kama aiki ba. Wanda ya zarce wa'adinsa da fiye da kwana 180 ya fita, an rufe masa ƙofa shekara uku. Wanda ya zarce da shekara guda, shekara goma. Ingila na bayar da bizar ziyara ta shekara biyu, biyar, har goma, amma kowane zuwa wata shida ne iyakarsa. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen sun fi tsanani: kwana 90 cikin kowane kwana 180, ko da bizar ta shekara biyar ce. Duk cikin waɗannan babu wadda ta halatta wa mutum ya tare.

Ko bakin ƙofar ma ba tabbas ba ne. A Nuwamban 2023 jirgin Air Peace ya sauka Jidda ɗauke da fasinja 264 daga Legas da Kano, kowa da bizarsa. Hukumomin Saudiyya suka soke bizar, daga baya suka bar 87 suka shiga, aka juyo da 177.

Saudiyya ce ma ya fi kamata mutanen wannan yanki su yi wa karatun ta-natsu, don can ne zuciyar mafi yawan masu niyyar fita take, ba Amurka ba. Takardar zama a can ita ce iƙama, kuma a ka'ida tana rataye ne da kafili, wato wanda ya ɗauko mutum aiki. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta rikiɗewa ta koma iƙama don mutum ya ƙi dawowa. Abin da take mayar da shi shi ne ɗan takari mai wasan ɓuya da jami'an jawazat, ba ya iya zuwa asibitin gwamnati da gaba gaɗi, ba ya iya kai ƙara idan an cinye masa ladan aiki. Kafin aikin Hajjin 2025 Saudiyya ta sanya tarar da ta kai riyal 20,000 a kan mai yin Hajji ba izini, da kora da haramcin shekara goma ga baƙon da aka kama. Ejan ba ya karanta wa kowa wannan shafin.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba: me ya sa mutumin Yauri, ko da mai hali ne, ya fi kusa da a ƙi shi a gaban tagar ofishin jakadanci? Dokar shige da ficen Amurka, a sashenta na 214(b), tana ɗaukar duk mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar tarewa har sai ya tabbatar da akasin haka. Sauran ƙasashe ma da wannan ido suke kallo. Hujjar da suke karɓa ta takarda ce: bayanan asusun banki, takardar albashi, shaidar mallakar fili, rajistar kamfani. Arzikin Yauri kuwa ba a takarda yake ba. Dillalin albasa da ke loda manyan motoci zuwa kudu da tsabar kuɗi yake cinikinsa. Mai jiragen kamun kifi a gaɓar Ngaski ba shi da rasit ɗin komarsa. Gonar shinkafar fadama gado ce da dagaci da maƙwabta suka shaida, ba ma'aikatar filaye ba. Ƙaramin ma'aikacin banki a Abuja da ke zaman haya ya fi wannan attajiri “alaƙa da gida” a idon jami'in biza, alhali shi ne ya fi sauƙin tattara komatsansa ya ɓace. Wannan gazawar ba ta jami'in ba ce kaɗai. Gwamnatocin da suka bar dukiyar jama'arsu ba rajista suna da kaso babba a ciki.

Ga kuma kuɗi. Tun daga 1 ga Satumban 2025 fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000, ninki biyu na farashin shekarar da ta gabata. Kuɗin neman bizar ziyara ta Amurka dala 185 ne, ba a mayarwa ko an ƙi mutum, kuma a Abuja ko Legas ake ganawa. A jihar da mafi ƙarancin albashinta naira 75,000 ne, fasfo da kuɗin neman biza kaɗai sun lashe albashin fiye da wata huɗu, ba a yi maganar kuɗin mota ta Kontagora da masauki ba.

Kada kuma a ɗauka halin matafiyi ne kaɗai ke yanke hukunci. Da aka rage wa'adin bizar a Yuli, Amurka ta ce ramuwa ce daidai da abin da Najeriya ke yi wa Amurkawa. Fadar shugaban ƙasa ta musanta, ta ce har gobe Najeriya na bai wa Amurkawa bizar shekara biyar. Ministan harkokin waje na lokacin, Yusuf Tuggar, ya fito a talabijin ya ce Amurka na matsa wa ƙasashen Afirka lamba su karɓi 'yan Benezuwela da take kora, kuma Najeriya ba za ta karɓa ba. Ofishin jakadancin ya ce batun biza ba shi da nasaba da wannan. Umarnin Disamba ya kafa hujja da Boko Haram da kuma masu zarce wa'adi, inda ya ce kashi 5.56 cikin ɗari na masu bizar ziyara da kashi 11.90 na ɗalibai da makamantansu ba sa fita a kan lokaci. A juya alƙaluman: fiye da 94 cikin kowane ɗari na masu ziyara sun bi doka, amma an haɗa su an yi musu kuɗin goro. Biza makamin ciniki ce tsakanin gwamnatoci, kuma wanda gwamnatinsa ba ta da ƙarfi a teburin ciniki shi ke biyan farashi.

Yauri ba baƙuwar wannan darasi ba ce, sai dai a da ita ce mai riƙe da ƙofa. A 1830 Turawan nan biyu 'yan'uwa, Richard da John Lander, sun shafe kusan mako biyar a Birnin Yauri suna jiran sarki ya sallame su. Fataken goro masu zuwa Gwanja ma ta nan wasunsu ke ratsawa, suna biyan fito da kuɗin hanya.

Duk wannan hayaniya ta Amurka da Ingila ta rufe wata magana da ta fi shafar tukunyar mutanen gaɓar tafkin Kainji. Akwai izinin shiga da fita ba adadi da kowane ɗan Yauri ke da shi tun haihuwa, ba layi, ba ganawa, ba dala. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ba biza har kwana 90, matuƙar yana da takardar tafiya. Ƙarin yarjejeniyar 1986 ta ba shi damar neman katin zama da yin aiki, ta 1990 kuma ta ba shi damar kafa sana'a. Abin da ejan ke yi wa matasa alkawarinsa a ƙasar Larabawa ko Turai, nan ne kaɗai doka ta rubuta shi da sunansu.

Kuma ba a takarda kawai ya tsaya ba, don tafiyar ta girmi takardar. Ruwan da ke wucewa ta Shanga da Yelwa ya faɗa tafkin Kainji daga tsaunukan Gini ya taso, ya ratsa Mali da Nijar, ya shafi gefen Benin, kafin ya shigo Kebbi ta ƙasar Bagudo. Sarkawa sun daɗe suna bin sa sama da ƙasa, inda kifi ya yi su yi. Tun a 1950 masanin nan Bafaranshe Jean Rouch ya yi rubutu a kan yawon kamun kifinsu. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968 aka tashi mutum kimanin 44,000 daga tsibirai da gaɓa, Gungawa da maƙwabtansu, sai neman abinci a wani ruwa ya ƙara zama dole ga gidaje da dama. Ci-ranin wannan yanki na gaskiya a kwale-kwale da bayan a-kori-kura ake yin sa, zuwa Malanbil da Gaya da gaba.

To wannan izinin ne yanzu ƙasa ke zaizayewa a ƙarƙashinsa. A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ma'ana, daga Gaya zuwa Yamai, zuwa Gawo da Mopti har Bamako, kogin ya fita daga inuwar yarjejeniyar 1979. Gaskiya ne ƙawancen ƙasashen uku, AES, ya sanar a Disamban 2024 cewa 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, ita ma ECOWAS ta ce za ta ci gaba da mutunta takardun 'yan ƙasashen har sai abin da hali ya yi. Amma sanarwa ba yarjejeniya ba ce. Wanda ya yi ta da safe yana iya janye ta da yamma, kuma babu kotun da masunci zai kai kuka. A watan Janairun nan na 2025 gwamnatin sojan Nijar ta fitar da sabuwar doka da ta tsaurara sharuɗɗan shiga da zaman baƙi, har da hukuncin ɗauri. A Maris ƙasashen uku suka ɗora harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu, har da na ECOWAS.

Najeriya ma ba ta da bakin yi wa kowa gori. Ita ta rufe iyakokinta na tudu a Agustan 2019, kuma sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta Kamba. Ita ta sake garƙame iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. A 1983, shekara huɗu kacal bayan Dakar, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, kamar yadda gwamnatin Kofi Busia ta bai wa baƙin Gana mako biyu a 1969, Hausawan zango da dama suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka. A duka lokutan biyu ma'auni ɗaya aka yi amfani da shi: wa ke da takardar zama? Mutanen da suka shekara ashirin a wuri bisa amana da sanayya suka wayi gari ba su da amsa.

Nan ne siyasar cikin gida ta shigo, kuma nan ne matasan da ke tafka muhawarar Trump a Facebook za su iya taɓuka wani abu. Babu ɗan majalisar da zai sauya ra'ayin fadar White House. Amma matsa wa Abuja ta zauna da Yamai a rattaba hannu kan rubutacciyar yarjejeniyar zirga-zirga da zama, wadda ta ambaci masunta da 'yan kasuwar kan ruwa ƙarara, abu ne da ke cikin ikon wakilan Kebbi. Haka ma sauko da takardun tafiya kusa da masu tafiyar. Ofishin fasfo na jihar yana Birnin Kebbi, tafiyar sa'o'i daga Yelwa, balle daga Wara. Takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS ta fi fasfo araha nesa ba kusa ba, amma masunta nawa aka taɓa bi har mashaya aka yi musu bayaninta? Hukumar shige da fice na iya kafa teburin rajista a ranakun kasuwar Yauri da ta Wara, yadda hukumar zaɓe ke yi idan tana neman masu ƙuri'a.

Yankin ba maraya ba ne a Abuja. Dakta Yusuf Tanko Sununu, wanda ya wakilci mazaɓar Yauri, Shanga da Ngaski a majalisar wakilai, ya shiga majalisar ministoci a 2023, haka ma tsohon gwamnan jihar Atiku Bagudu, ga kuma Sanata Garba Musa Maidoki na Kebbi ta Kudu. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma masu neman kujerun nan za su zo Yelwa da Wara da Shanga neman ƙuri'a. Ana iya tambayar kowannensu matsayin masuncin Ngaski da ke zaune a ruwan Nijar a yau: da wace takarda yake zaune, kuma wane ofishi ne zai amsa kiransa ranar da aka ce ya tattara ya fita.