Kilobait 48 da uzurinmu

A 1982 aka fito da ZX Spectrum a Ingila, kwamfutar gida mai ƙwaƙwalwar kilobait 48 kacal. Hoto guda na wayarka ba zai shige ta ba. Amma a kanta ƴan lakkol suka riƙa rubuta wasanninsu: tasha a sararin samaniya, maƙiya na kawo hari ta ko'ina, kai kana karewa. A kaset ma suke adanawa!

Mu fa? Dala ashirin-ashirin muke zubarwa gidan PlayStation, muna murza ƙwallon da wasu suka ƙirƙira, sannan mu ce wai ba kayan aiki. Haba, ɗan'uwa! Wa ya hana ka rubuta wasan kare gonar hatsi daga fara, ko na masunci a tabkin Madarunfa?