Jo Tenfjord: Matar da ta nuna cewa fassara wa yaro littafi ba ƙaramin aiki ba ne

Idan ana maganar littattafan yara a arewacin Turai, sunan da ake fara ambata shi ne na Astrid Lindgren, marubuciyar ƙasar Suwidin. Sai dai a maƙwabciyarta Norwe, yara da dama sun san labaranta ne ta hannun wata mata da sunanta ke fitowa da ƙananan baƙaƙe a shafin ciki, wato Jo Tenfjord.

An haifi Tenfjord a birnin Oslo a 1918, ta rasu a 2007. Ma'aikaciyar laburare ce, kuma ta rubuta nata littattafan na yara. Amma aikin da ya fi shiga gidajen Norwe shi ne fassarar da ta yi wa littattafan Lindgren, ciki har da labarin 'yan uwan nan biyu masu laƙabin Zuciyar Zaki, wanda ya fito da harshen Suwidin a 1973, da na Ronja 'yar shugaban 'yan fashi na 1981.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne. Harsunan Norwe da Suwidin 'yan uwan juna ne, babban mutum a Oslo kan fahimci maganar mutumin Stockholm ba tare da tafinta ba. To me ya kawo fassara?

Amsar tana wurin yaro. Babba kan tsallake kalmar da bai gane ba ya ci gaba, shi kuwa ɗan shekara bakwai ajiye littafin zai yi ya fita wasa. Labarin Zuciyar Zaki ya taɓo rashin lafiya da mutuwa da tsoro. Irin wannan zance ba ya shiga zuciyar yaro sai da harshen da uwarsa ke lallashinsa da shi. Mai aikin laburare ta fi kowa sanin haka, domin ita ke ganin littafin da ya tsufa a hannun yara da wanda ya dawo kamar ba a buɗe shi ba.

Hakan ba ya nufin ta so a rufe ƙofa. A 1953, shekara takwas bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu wanda a cikinsa Jamus ta mamaye Norwe, Tenfjord na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar littattafan yara ta duniya, IBBY, a birnin Zurich, tare da Jella Lepman da Lindgren da marubucin Jamus Erich Kästner. Ƙungiyar ce ta soma ba da lambar yabo ta Hans Christian Andersen a 1956. Manufarsu ita ce yaran ƙasashen da suka yaƙi juna su san juna ta hanyar littafi.

Akwai masu fargabar cewa littattafan waje kan danne marubutan gida, kuma fargabar tana da tushe. Norwe ba ta magance ta da hana fassara ba. Tun 1965 gwamnati ke sayen sababbin littattafan marubutan ƙasar tana raba wa laburaren jama'a, inda ake aro kyauta.

Lambobin yabo da suna na marubuci ne, kuma ya cancanta. Amma littafin da bai iso hannun yaro da harshen da yake ji ba, ado ne kawai a kan kanta. Al'ummar da ke kukan cewa 'ya'yanta ba sa karatu, ya kamata ta fara tambayar kanta: wa ke fassara musu, kuma ina za su aro?