Raddi Ga Masu Cewa Hannun Feda Duk Ɗaya Ne

Wata magana ta yaɗu tsakanin mahaya keke da wasu masu gyara, wai hannun feda da farantinsa mai haƙora ƙarfe ne kawai: ka kwance na keken tsere, ka ɗaura wa keken hawan dutse, shi ke nan. Hujjojinsu uku ne, bari mu bi su daki-daki.

Da farko suka ce dogon hannu ya fi ba da ƙarfi. Muka ce: masu bincike Martin da Spirduso sun gwada wannan a 2001, da hannaye daga milimita 120 zuwa 220, bambancin ƙarfin kusan kashi 4 cikin 100 ne kacal. Tadej Pogačar ma da hannu mai milimita 165 ya lashe tseren Tour de France na 2024. A daji kuwa dogon hannu fitina ne, domin feda kan sauko ta daki dutse ko saiwa, mahayi ya sha ƙasa.

Na biyu suka ce babban faranti shi ne gudu. Muka ce: a kan kwalta, gaskiya ne, shi ya sa keken tsere ke ɗaukar faranti biyu, masu haƙora 53 da 39, ko 50 da 34. Amma wanda zai keta yashi ko ya hau tudu, faranti ɗaya mai haƙora 30 zuwa 34 ya fi masa. Haƙoransa kuma a jere suke, mai kauri sai siriri, don kada sarƙa ta zame a gargada. Wanda ya kai 53 cikin rairayi, gwiwarsa ce za ta biya.

Na uku suka ce ai hannun keken tsere yana shiga keken dutse. Muka ce: ba girin-girin ba, ta yi mai. Faɗin gidan da sandar feda ke ratsawa galibi milimita 68 ne a keken kwalta, 73 a na dutse. Tayar keken dutse ta fi faɗi, ƙarafan bayansa sun fi buɗewa, sai hannun keken tsere ya riƙa gugar bodi.

Don haka kafin ka saya, duba lambar tsawon da aka buga a cikin hannun, kusa da ramin feda, ka auna faɗin gidan, sannan ka zaɓi faranti gwargwadon hanyar da ka fi bi.