Malamar da kuke cewa ta cika faɗa

1/
Duk lokacin da sakamakon jarrabawa ya yi jinkiri sai an taso lakcarori a gaba a nan. Na lura kuma mata sun fi shan zagi: "ta cika faɗa", "ba ta da fara'a", "sai ka ce ita kaɗai ta yi boko". Ni ma na yi irin wannan rubutun ina aji biyu. Zare ne mai tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

2/
Abin da ya sauya min tunani shi ne zaman shekara biyu da na yi a gidan Yayata. Lakcara ce a wata jami'ar gwamnatin tarayya. Ba zan kama sunan makarantar ba, ai duk kanwar ja ce.

3/
Kafin asuba ta tashi. Abin kari, shirya yara uku, a sauke su makaranta, ƙarfe takwas tana gaban aji. Ɗalibai ɗaruruwa, wasu a tsaye, wasu a bakin taga, babu lasifika, sai maƙogwaronta. Idan an gama jarrabawa a jakar Gana-mas-go take kawo takardu gida. Na sha farkawa ƙarfe ɗayan dare in same ta a falo, ba wuta, ta jingina fitilar waya da kofi tana ba da maki.

4/
Amma wannan duk lakcara yana yi, mace ko namiji. Ga inda bambancin yake. Ita ce kodinetar aji ɗaya. Ita ce a kwamitin walwala. Ita ke rubuta bayanan taron sashe, wai rubutunta ya fi tsari. Za a yi walimar wani farfesa? "Dakta, ku mata ku kuka san harkar abinci."

Sannan ɗalibai mata. Wadda wani malami ya matsa wa, wadda ta haihu ana tsakiyar jarrabawa, wadda mijinta ya ce ta bar karatu, wadda ta rasa kuɗin rajista, duk ofishinta suke zuwa su yi kuka. "Malama ke uwa ce." Kuma ba ta iya korar su. In ta kore su wajen wa za su?

5/
To ku ji yadda ake ƙarin girma a jami'a, don da yawanmu ba mu sani ba. Daga ƙaramin lakcara zuwa babban lakcara har farfesa, abin da ya fi nauyi a ma'auni shi ne maƙalun bincike da ka wallafa a mujallun ilimi. Matakai biyu na ƙarshe ma sai an tura rubuce-rubucenka wajen masana na wasu jami'o'i sun auna. Awa uku da Yaya ta yi tana lallashin ɗalibar da ke shirin barin makaranta ba shi da gurbi a fom ɗin. Sifili.

Bincike kuwa yana son abu ɗaya da ba ta da shi: awanni a jere babu mai ƙwanƙwasa ƙofa.

6/
Kada wani ya ce ƙorafin matan Arewa ne kawai. A Amurka, Cassandra Guarino da Victor Borden sun wallafa bincike a 2017 da ya nuna malamai mata a jami'o'i sun fi maza ɗaukar irin wannan hidimar cikin gida. A shekarar dai, Linda Babcock da abokan aikinta suka nuna cewa aikin da ba ya kawo ƙarin girma an fi roƙon mata su yi, kuma sun fi cewa to. Can fa da wuta ba ta ɗaukewa.

7/
Na san malamai maza ma suna jin jiki, wallahi na sani. Albashi ɗaya ne, aji ɗaya ne. Sai dai yawancinsu in sun koma gida abinci na jira, su ci, su ja ƙofa, a ce wa yara "ku yi shiru Abba yana aiki". Ban taɓa jin an ce "ku yi shiru Umma tana aiki" ba.

8/
Ku ƙara da 2022. ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas, gwamnati ta riƙe albashi. Mu muna nan muna barkwancin mun tsufa a gida, su suna cin bashin shinkafa a shago. Da aka koma aka matse zangon karatu, wasu jami'o'in suka haɗa ɗaliban shekara biyu a aji guda. A 2023 aka cire tallafin mai. Yaya ta ajiye motarta ta koma hawa Keke Napep da jakar takardu a cinya.

9/
Wannan gajiyar tana da suna. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa idan matsi ya daɗe ba a magance ba. Alamu uku ta lissafa: ƙarewar ƙarfi, mutum ya ji zuciyarsa ta fita daga aikin har ya fara jin haushinsa, sai kuma ingancin aikin ya ragu.

Ku sake karanta ta biyun. Ita ce "faɗan" da kuke gani. Yaya mai yawan dariya ce, amma akwai lokacin da in wayarta ta yi ƙara sai ta kifa ta. Ta taɓa ce min, "Ƙanina, na fara jin tsoron sallamar ɗalibi." Barci ba ya maganin wannan.

10/
Ba ina wanke kowa ba ne. Akwai malamai azzalumai, mata da maza, masu wulaƙanta ɗalibi don jin daɗi ko sayar da takardun lakca dole. Waɗannan ku ci gaba da fallasa su. Ina magana ne kan wadda a shekarar farko kowa ke yabonta, a shekara ta bakwai ta zama abin tsoro. Me ya faru a tsakani?

11/
Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin da ake ba su: "Haƙuri, Dakta, lada kike samu." Haƙuri abu ne mai kyau, amma ba ya rage takarda ko ɗaya a jakar nan. Makarantarsu ta taɓa shirya bita kan rage damuwa, aka sa ta ranar Asabar, ranar da take wanki da kitson yara. Ku canki wa aka ɗora wa kula da abincin mahalarta.

12/
Ra'ayina: aikin da sashe ba zai tafi ba sai da shi, a ba shi maki mai nauyi a ƙarin girma. In ba za a ba shi maki ba, a riƙa yin sa karɓa-karɓa, kowa ya ɗanɗana, har manyan. Wannan bai buƙatar ko kwabo daga Abuja, majalisar jami'a da shugabannin sassa za su iya yi. Mu ɗalibai kuma, kiran malama ƙarfe sha ɗayan dare kan babi na biyu na furojet ba ƙwazo ba ne.

13/
Muna alfahari da Grace Alele-Williams, mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya, Benin, 1985. Muna alfahari da Farfesa Fatima Batul Mukhtar da ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse. Daidai ne. Amma waɗanda suka maƙale a mataki ɗaya shekara da shekaru suna riƙe da sashe a kafaɗa, babu mai sa hotonsu ranar 8 ga Maris.

14/
Bara Yaya ta rubuta takardar ajiye kodineta. Shugaban sashe ya karanta ya yi murmushi: "Haba Dakta, in ba ke ba wa zai iya da yaran nan?" Ta ce a gwada wani. Sati biyu ana gulmar ta fara girman kai.

Wanda aka ba ya yi zango ɗaya ya ce aikin na hana shi rubutu. Jiya ta turo min hoton sabuwar takardar da aka ajiye mata a tebur, ana roƙon ta karɓa "na wucin gadi". Har yanzu ba ta sa hannu ba.