Me ya kai makaɗan Fugazi kamfanin da ya fitar da John Coltrane?

A watan Maris na 2024 kamfanin faifai na Impulse! da ke Amurka ya fitar da wani kundin kiɗa mai suna The Messthetics and James Brandon Lewis. Babu muryar mawaƙi a cikinsa, sai ganga da jita da saksofon. Abin da ya ja hankalin masu bibiyar harkar kiɗa shi ne mutanen da suka yi shi da kuma inda suka kai shi.

Biyu daga cikinsu, Brendan Canty mai ganga da Joe Lally mai jitar bas, 'yan ƙungiyar Fugazi ne ta birnin Washington, wadda ta yi fice a kiɗan rock mai zafi kafin ta dakatar da wasa a 2003. An san Fugazi da taurin kai a kan aƙida: dala 5 ce kuɗin shiga yawancin wasanninta, ta yi watsi da tayin manyan kamfanoni, kuma manyan kundayenta duka sun fito ne daga ƙaramin kamfanin Dischord.

A 2016 Canty da Lally suka haɗu da mai jita Anthony Pirog suka kafa The Messthetics, suka fitar da kundi biyu a Dischord, a 2018 da 2019. Daga baya suka jawo James Brandon Lewis, mai busa saksofon ɗan asalin Buffalo, wanda ya yi suna a jazz ɗin da ba ya bin tsayayyar ƙa'ida.

Wannan salo ya samo sunansa ne daga faifan Free Jazz na Ornette Coleman da ya fito a 1961, inda makaɗa takwas suka shafe kusan minti 37 kowa na bin abin da kunnensa ya jiyo daga ɗan'uwansa. Impulse! kuwa shi ne ya fitar da A Love Supreme da Ascension na John Coltrane. Don haka ba baƙon abu ba ne 'yan rock masu bijire wa tsari su samu wurin zama a nan, domin salon biyu duk sun taso ne daga ƙin bin abin da kasuwa ta shimfiɗa.

Sai dai Impulse! na yau yana ƙarƙashin Universal Music Group ne, kamfanin kiɗa mafi girma a duniya, wato irin gidan da Fugazi ta ƙi shiga a da. A nan ne batun yake.

Kasuwar da Fugazi ta rayu a cikinta ta sauya. A wancan zamani ƙungiya na iya ciyar da kanta da cinikin faifai da yawon wasa. Yanzu yawancin sauraro a manhajoji ake yi. Spotify na ƙirga sauraro ɗaya ne da zarar an kai daƙiƙa 30, ke nan doguwar busa ba ta fi gajeriyar waƙa kawo kuɗi ba. Daga Afrilun 2024 ma, kiɗan da bai kai sauraro 1,000 a shekara ba, manhajar ba ta biyan komai a kansa. Masu kiɗan gwaji na daga cikin waɗanda wannan doka ke iya shafa.

Shi ya sa haɗakar ta zama ciniki mai riba ga kowa. Impulse! ya samu magoya bayan Fugazi, Lewis ya isa ga kunnuwan da ba su saba da jazz ba, su Canty kuma sun samu kamfani mai ƙarfin kai faifai ko'ina.

Tambayar da ta rage ta shafi makaɗan jazz da ba su da wani tauraron rock a gefensu. Idan manyan kamfanoni sai sun ga sanannen suna kafin su buɗe ƙofa, to yawancin magadan Coleman za su ci gaba da busa a ƙananan zauruka, suna sayar da faifansu da hannu bayan an tashi daga wasa, kamar dai yadda Fugazi ta faro.